Yadda ake bin salsalar iyalan manoman Jamus da suka ƙaura Amurka

Duk wanda ya ce maka kakan kakansa "daga Jamus ya zo", to gaskiya bai ba ka komai ba tukuna. Kafin 1871 babu ma wata dunƙulalliyar ƙasa mai suna Jamus, masarautu ne barkatai, su Prussia, Bavaria, Württemberg, Baden, Hanover, Hesse da sauransu, kuma har yau babu wani rumbu guda da aka tara tsofaffin takardun haihuwar kowa da kowa. Takardun na cikin littafin cocin ƙauye. Shi ya sa a wannan aikin abu ɗaya ake farauta, sunan ƙauyen da mutumin ya fito. In ba ka samo shi ba, ko shekara goma za ka yi kana latse-latse a intanet, ɗibar ruwa da kwando kake.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya yi tsalle ya faɗa Jamus tun ranar farko. A'a, fara daga gonar da ke Amurka, ka dinga komawa baya. Ka tattara abin da ke gida tukuna, tsohon Baibul na iyali da ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa a shafukan farko, wasiƙu, bayan hotuna, har dutsen kabari, don wasu an sassaƙa sunan garin haihuwa a jiki da Jamusanci.

Daga nan sai ƙidayar jama'a. Ta 1850 ita ce ta farko da ta rubuta sunan duk ɗan gida mai 'yanci da inda aka haife shi, ta 1900 kuma ta ƙara da shekarar da mutum ya shigo ƙasar, wannan tana rage wahala sosai. Kar ka ɓata lokaci kana neman ta 1890, gobara ta ci kusan dukkanta a 1921. Amma tunda manoma muke magana a kai, akwai wata takarda da mutane ke tsallakewa, wato ƙidayar gonaki ta 1850 zuwa 1880. Ni ita na fi so, domin layi ɗaya ne tak amma sai ka ga mutum tsaye a gabanka, eka nawa ya share, nawa ya bari daji, dawaki nawa, shanun tatsa nawa, aladu nawa, alkama da masara da hatsin doki nawa ya girbe, har man shanun da aka kaɗa a gidan. Ka kuma duba sunayen da ke sama da ƙasan nasa a shafin, maƙwabtansa ne, kuma waɗannan mutanen yawanci a ƙungiyance suke tahowa, ɗaya ya fara zuwa ya aika wasiƙa gida 'yan ƙauyensu su biyo shi. Sau da yawa in takardun naka sun yi shiru, na maƙwabcin su za su tona asirin ƙauyen.

In gonar a yamma take, irin su Nebraska, Kansas ko Dakota, nemi fayil ɗin fili. Dokar raba filaye ta 1862 ta ba mutum eka 160 in ya zauna a kai ya noma shekara biyar, kuma baƙo sai ya nuna takardar zama ɗan ƙasa kafin a mallaka masa, don haka ana yawan samun kwafinta a fayil ɗin. Sai dai kar ka ɗora rai da yawa, takardun zama ɗan ƙasa na kafin 1906 galibi sarkin da mutum ya yi wa bankwana kawai suke ambata, kamar sarkin Prussia, ba gari ba. Wurin da ya fi ba da sa'a shi ne cocin Jamusawa da iyalin ke zuwa a Amurka, na Lutheran ko na Katolika, fastocin nan da yawansu sun saba rubuta garin asali in suna shigar da aure ko jana'iza.

Batun jirgin ruwa kuma, Amurka ta fara ajiye jerin fasinjoji a 1820. Ellis Island, tashar karɓar baƙi ta New York da kowa ke ambata, sai 1892 aka buɗe ta, alhali tururuwar manoman Jamus ta shekarun 1850 da 1880 ta riga ta wuce, yawancin waɗanda suka sauka New York daga 1855 zuwa 1890 ta tsohuwar tashar Castle Garden suka bi. In mutuminka ta Hamburg ya tashi ka yi dace, jerin sunayensu na 1850 zuwa 1934 na nan kuma yana nuna inda mutum ya zauna na ƙarshe. In ta Bremen ne, sai haƙuri, an lalata mafi yawansu saboda ƙarancin wurin ajiya, yaƙin duniya na biyu ya ƙarasa da yawancin sauran.

To ka samo sunan ƙauye, saura ka tabbatar wanne ne, don garuruwa masu suna iri ɗaya sun yi yawa. Kundin garuruwa na Meyers na 1912 zai nuna maka gundumar da yake da ko yana da coci. Rajistar gwamnati ta game duk Jamus ne a 1876, kafin nan a yawancin wurare littafin coci ne kawai. Na Furotesta da yawa suna shafin Archion, ana biya, na Katolika kuma duba Matricula kyauta, shafin FamilySearch ma na da nasa. Rubutun hannun tsohon salo ne da ake kira Kurrent, ranar farko za ka rantse kaza ce ta yi tone-tone a kan takardar, harafin e kamar n, h kamar f, amma in ka ajiye jadawalin haruffan kusa ka yi ta gwadawa ido zai saba.

Sunaye su ne tarko na ƙarshe. Müller ya koma Miller, Schmidt ya koma Smith, Zimmermann ma wasu fassara shi suka yi ya zama Carpenter. Sannan za ka buɗe littafi ka ga gida ɗaya 'ya'ya maza huɗu duk Johann, kar ka ruɗe, suna na biyu shi ake kiran yaro da shi, Johann Georg a gida Georg ne, kuma da Georg ɗin zai bayyana a Amurka. A yankin Westphalia kuwa suna na bin gona ne, namijin da ya auri magajiyar gona shi ke ɗaukar sunan gidan, 'ya'yan ma haka. In ka ga kalmar genannt tsakanin sunaye biyu, abin da take nufi ke nan, sai ka nemi haihuwar mutumin da sunan farko, 'ya'yansa kuma da na biyun.