Kafin ciki ya shiga, a fara da rajistar likita

'Yan'uwana mata da kuka iso nan ƙasar waje kwanan nan, da ku mazajensu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne a shekara guda na raka mata uku asibiti, kuma kowaccensu ta maimaita kuskuren da na tafka a farkon zuwana. Jama'armu ba su da na biyu wajen tarbar baƙo da tsaya wa mai jego, kuma ina alfahari da hakan, amma yana ci mini rai in ji mace mai neman haihuwa tana cewa lafiyarta ƙalau, don haka ba ta ga dalilin neman likita ba tukuna.

Nisantar sigari da hayaƙinta da samun isasshen barci ba sa buƙatar dogon bayani. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne ginin ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana kafuwa ne cikin kwanaki 28 na farko, lokacin da mace ba ta ma tabbatar ta yi ɓatan wata ba. Shi ya sa ake son ta fara shan folik asid, wani nau'in bitamin da ke taimaka wa wannan ginin, maikirogiram 400 kullum, aƙalla wata guda kafin ɗaukar ciki, ta ci gaba har mako na 12. Mai ciwon suga ko farfaɗiya ko sikila takan buƙaci fiye da haka, kuma likita ne kaɗai ke rubuta mata, kamar yadda shi ne zai duba magungunan da take sha, domin wasu na hawan jini da na farfaɗiya suna cutar da ɗan tayi.

To, a nan takardu suke shigowa, kuma a nan na sha wuya. Ban yi rajista da kowane likita ba sai da ciki ya bayyana. Da na je, aka nemi takardar shaidar adireshi, alhali gidan da muke zaune da sunan wani aka kama hayarsa, mai gidan kuwa ya ƙi rubuta mana komai. Muna cikin wannan jeka-ka-dawo sai batun inshorar lafiya ya taso, sannan aka tambaye ni katin rigakafina, wanda ban taɓa tunanin sa shi a jaka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a yi awon farko cikin makonni 12, ni kuwa ban zauna gaban ungozoma ba sai a mako na 17. Gwaji ya nuna ina da ƙarancin jini da na bitamin D, abin da ke yawan samun masu duhun fata a ƙasashen da rana ba ta da ƙarfi. Ya kuma nuna ba ni da garkuwar rubela, cutar nan mai kama da ƙyanda, kuma ba a yi wa mai ciki allurarta. Da na zo tun farko, da an yi mini, na dakata wata guda kafin neman ciki.

Mafi nauyi shi ne gwajin jinin sikila. Na san ni AS ce, wato ina ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da cutar ba, amma maigidana bai taɓa gwadawa ba, kuma idan mata da miji duka AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi yaro mai SS, wato mai cutar sikila. Ban manta da dararen da na kwana ido biyu kafin sakamakonsa ya fito AA ba. Saboda haka, maza, ku daina ɗaukar wannan sha'ani a matsayin na mata kaɗai, ku miƙa hannu a ɗebi jininku tun kafin a kai ga haka.

Ku yi rajista a watan da kuka sauka, ku sa a aiko muku katin rigakafi da duk wata takardar tiyata ko ɓari da aka taɓa yi. Wadda harshen ƙasar bai zauna a bakinta ba ta nemi asibiti ya ba ta tafinta, kada ta amsa abin da ba ta fahimta ba. Idan kuma a makonnin farko ta ga jini tare da ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, ko jiri, ta wuce sashen gaggawa nan take ko da rajistarta ba ta kammala ba, domin yana iya zama ciki ne ya zauna a wajen mahaifa.