Yadda za ka daina fassara a ka kafin ka yi Turanci

Sau da yawa za ka ga ɗalibi a jami'ar ATBU ko Poly ta Gwallameji a nan Bauchi yana rubuta jarabawa da Turanci yana ci, amma lakcara na cewa ya tashi ya yi bayani sai baki ya ɗaure. Ba kalmomi ya rasa ba fa, aiki biyu yake yi lokaci guda, ya haɗa maganar da Hausa a ransa sannan ya bi ta ɗaya bayan ɗaya yana juyawa, kafin ya kai ƙarshe ya manta farkon. Abin da ake so shi ne Turancin ya manne da abin kai tsaye, ba sai ya biya ta Hausa ba.

Fara da abin da idonka ke gani. Ka hau Keke Napep daga Yelwa zuwa Wunti, duk abin da ka wuce ka kira sunansa da Turanci a zuci, mai lemo, gidan mai, kwata, ɗan sanda, kar ka ambaci Hausarsa ko kaɗan. In wannan ya zauna sai ka ƙara masa aiki, me mutumin yake yi, ina za shi. Gajerun jimloli kawai, kalma huɗu ko biyar.

Inda aikin yake sosai shi ne maganar kai da kai. Kana wanki, kana guga, kana jiran layi a POS, ka riƙa faɗa wa kanka abin da kake yi da abin da za ka yi anjima, in kai kaɗai ne a ɗaki ka ɗaga murya don harshe ma sai ya saba. To dole za ka zo inda kalma ta ɓace maka, kuma a nan ne mutane ke komawa Hausa, don Allah kar ka koma, ka zagaye ta da Turancin da kake da shi, in ka manta sunan tsintsiya ka ce abin da ake share ƙasa da shi, ka wuce, daga baya ka duba. Wanda ya iya zagayen nan ba ya maƙalewa a gaban mutane, ni a wajena ya fi haddar kalmomi amfani nesa ba kusa ba.

Sannan ka riƙa ɗaukar magana a dunƙule. Mu muna shan magani, Bature kuwa "take medicine" yake cewa, in ka haddace su a haɗe ba abin da zai ja ka ka ce "drink". Ƙamus ɗin wayarka ma ka koma wanda ke bayanin Turanci da Turanci.

Kunne kuma a ba shi nasa. Ka nemi jawabin Abubakar Tafawa Balewa na ranar 1 ga Oktoba 1960 a YouTube, ɗan jihar nan ne, malamin makaranta ne kafin ya zama Firaminista, ka ji yadda yake magana a natse ba gaggawa. Ka saurari jimla ɗaya, ka tsayar, ka maimaita da irin tashi da saukar muryarsa. Labaran BBC na Turanci ma haka.

Da daddare ka ɗauki muryarka ta minti biyu a WhatsApp kana ba da labarin yadda ka wuni, ka tura wa kanka, washegari ka saurara ka ga inda ka tsaya kame-kame. Sai kuma ka samu abokin hira wanda ba ya jin Hausa, masu bautar ƙasa suna nan a makarantun unguwa, ko ka yi yarjejeniya da abokinka cewa daga la'asar zuwa magariba ba mai yi wa wani Hausa, in an yi kuskure a bari sai an gama hirar a gyara.