Yadda ake zaɓen shanun da za a bari a garke domin samun ribar nama

Wanda yake kiwon shanu don sayarwa yana samun ribarsa ne daga yawan maruƙan da suka kai yaye da kuma saurin girmansu, saboda haka zaɓen iri yana farawa ne daga haihuwa, kafin a zo ga kyan jiki ko tsawon ƙaho. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki, kuma idan tana ƙoshi za ta iya haihuwa kusan kowace shekara, amma a garkunanmu sau da yawa sai ta yi shekara ɗaya da rabi ko biyu tsakanin wata haihuwa da wata. Duk watan da ta yi ba ciki ba shayarwa, dusa da harawar da take ci asara ce a aljihun mai ita.

Matakin farko shi ne a buɗe littafi, a sa wa kowace saniya lamba a kunne, a riƙa rubuta ranar da ta haihu, da bijimin da ya barbare ta, da nauyin ɗanta lokacin yaye. Wanda ba shi da sikeli yana iya auna kewayen ƙirjin maraƙi da tef, daidai bayan ƙafafun gaba, domin awon yana tafiya da nauyi. Da wannan littafi ake gane saniyar da ta tsallake damina biyu ba ta ɗauki ciki ba alhali tana cin abin da sauran suke ci, kuma irin wannan a turke ta a sayar, komai kyanta. Haka ma mai yawan ɓari, sai dai a fara kiran likitan dabbobi ya gwada jininta, domin bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, yana yaɗuwa a garke, yana kuma kama mutane ta ɗanyar madara. Karsanar da za a bari kuwa a ɗauko ta daga uwa mai haihuwa a kan kari, mai isasshen nono, wadda hantsarta ba ta zube ba.

Bijimi ne ya fi cancantar a tsaya masa, tun da saniya ɗa guda take bayarwa a shekara, shi kuwa baligi lafiyayye yana iya barbarar shanu 25 zuwa 30. Saurin girma da cikar tsoka suna bin jini sosai, fiye da yawan haihuwa wanda abinci da lafiya suka fi rinjaye a kansa, don haka ta wajen bijimi ake gyara nama. A duba faɗin baya, da cikar cinya, da zurfin ƙirji, a sa shi ya yi tafiya a ga ko kofatansa da gwiwoyinsa lafiya suke, domin mai ɗingishi ba ya hawa. A duba marainansa su zama daidai da juna, masu girma, babu kumburi, saboda girmansu yana nuna yawan maniyyi. Mai faɗa a rabu da shi, tun da hali ma ana gadonsa, kuma sa mai firgita ba ya ƙiba a turke yadda ya kamata. Kada a sa bijimi mai haifar manyan maruƙa a kan ƙananan karsana, kuma a sauya shi kafin 'ya'yansa mata su isa barbara.

Batun irin da za a kiwata, ƙasar mutum ce ke yanke hukunci. Bokoloji, wato Gudalin Sakkwato, yana da cikar jiki da sanyin hali, kuma yana karɓar turke. Bunaji ya fi jure tafiya da ƙarancin ciyawa. Azawak, wanda tashar kiwon shanu ta Tukunus a Nijar ta daɗe tana ingantawa, ya dace da ƙasa mai ƙarancin ruwan sama. A ganina, wanda bai tanadi abincin rani da maganin kaska ba bai kamata ya yi gaggawar shigo da jinin waje irin na shanun Turai da ake kira Simmental ba, domin idan jinin ya wuce rabi zafi da cututtuka suna cinye ribar. Mai son gwadawa ya fara da shanu kaɗan, ya nemi shawarar cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, sannan ya kwatanta nauyin maruƙan da na gida a ƙarshen bazara kafin ya ƙara.