Darasi: Ginin Tukunyar Ƙasa da Hannu

Ginin tukunya ba ya bukatar inji. Yumɓu, ruwa, toka, tsohuwar tukunya da hannu biyu sun isa. Da ginin hannu Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta fara tun tana yarinya a garin Kwali, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Da hannu kuma maginan Mirriya, kusa da Damagaram, suke gina tulunansu har gobe.

A wannan darasi 'yar tukunyar miya za mu gina, wadda ke cin ruwa kamar lita 2. Kada mai koyo ya fara da randa ko tulu. Babban gini yana da nauyi, kuma wuyan tulu sai hannu ya faɗa.

Zaɓen yumɓu

Ba kowace laka ce yumɓu ba. Ana samun mai kyau a fadama, a gefen kududdufi ko gaɓar rafi. A ture ƙasar sama mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, a haƙa kamar kamu ɗaya, sannan a ɗiba. Kada a yi ta kwarzanar rami ta ƙarƙashin gaɓa, domin yana ruftawa da mutum.

Kafin a cika buhu a gwada. A jiƙa kaɗan, a murza shi ya yi kaurin ɗan yatsa, a naɗa shi a yatsa kamar zobe. Idan ya naɗu lafiya, yana da danƙo. Idan ya tsattsage, yashi ya yi masa yawa, a nemi wani wuri. Wanda kuma ke liƙe wa hannu kamar ƙaro, danƙonsa ya wuce kima, shi ma ba a gini da shi tsagwaronsa.

Kwaɓi

A shanya yumɓun ya bushe ƙarau, a farfasa, a tsince duwatsu da saiwoyi. A sa ido sosai kan fararen tsakuwoyi masu kama da alli. Ko ɗaya ta shiga wuta, bayan 'yan kwanaki sai ta sha raɓa ta kumbura, ta ɓalle jikin tukunya. A zuba yumɓun a kwatarniya, ruwa ya sha kansa, a bar shi kwana 2 ko 3.

Ana nan sai a haɗa abin gauraye. Mafi kyau shi ne tsingaron tsohuwar tukunya. A daka shi a turmin da ba na abinci ba, a tankaɗe, tsakinsa kada ya fi ƙwayar gero girma. A rufe hanci da ƙyalle, ƙurar ba ta da kyau ga ƙirji. Awon farawa: kwano 3 na yumɓu, kwano 1 na garin tsingaro. Idan yumɓun mai danƙo ne ƙwarai, a ƙara rabin kwano. Wasu magina kan sa yashi mai laushi, ko ɓuntun shinkafa, ko busasshen kashin jaki.

Me ya sa ake wannan wahala? Yumɓu yana tsukewa idan ruwa ya fita daga jikinsa. Tsingaro ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa, don haka yana riƙe ginin kada ya tsage. Yana kuma buɗe ƙananan ƙofofi da tururi zai bi ya fita lokacin toyi.

A baza tsohuwar tabarma ko buhu, a tattake haɗin da dugadugai kamar minti 20, sannan a cuɗa da hannu. A yanka curin da zare a duba ciki. Idan an ga ramuka ko gudaji, kwaɓi bai yi ba. A ƙunshe shi a leda ya kwana, gobe zai fi biyayya.

Gindi da jiki

A sami tsohuwar tukunya mai girman wadda ake so, a kife ta a ƙasa, a barbaɗa mata toka don kada yumɓu ya kama. A ɗebi curi kamar dunƙulen hannu biyu, a daɓe shi ya yi faɗi kamar gurasa. A ɗora a kan gindin tukunyar da aka kife, a riƙa bugawa a hankali da ɗan katako mai faɗi, daga tsakiya zuwa gefe, ana zagayawa. Kaurin da ake nema santimita 1 ne, wato kusan kaurin ƙaramin yatsa, kuma ya zama ɗaya ko'ina. A tsaya kafin a kai wurin da tsohuwar tukunyar ta fi faɗi. In an wuce nan, sabon gindin ba zai ciru ba.

A bar shi ya sha iska, kamar rabin awa da rani. Nan masu koyo da yawa ke yin asara. An cire da wuri, ya lotsa. An manta da shi, ya tsuke a kan tukunyar ya dare gida biyu. Alamar ita ce a danna da yatsa: ya yi ƙarfi amma yana karɓar shaidar yatsa. A ɗaga shi da hannu biyu, a juya, a zaunar a kan gammo ko cikin kasko mai yashi.

Yanzu sai ɗori. A murza yumɓu a tafin hannu ya zama kamar igiya mai kaurin babban yatsa. A karce bakin gindin da tsinke, a shafa ruwan yumɓu mai kaurin kunu, a ɗora igiyar a kewaye. Hannun hagu a ciki yana tarewa, babban yatsan dama a waje yana jan sabon yumɓu zuwa ƙasa har layin haɗin ya ɓace. A yi haka ta ciki ma. Haɗin da aka shafe ta waje kawai, aka bar shi ta ciki, nan tukunya za ta rabu a wuta, a ga ta cire kamar murfi.

Idan ana son ciki ya buɗe, a ɗora igiya ta gefen waje. Idan ana son ya tsuke zuwa wuya, a ɗora ta gefen ciki. Bayan igiya 3 a dakata, ƙasan ya yi ƙarfin ɗaukar na sama, amma a rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Kwanon ruwa yana kusa, sai dai a yi rowarsa. Yawan shafa ruwa yana sa gini ya zauna.

Baki kuwa da jiƙaƙƙen ƙyalle ake fitar da shi. A ninka shi a kan bakin, a matse da yatsu, magini ya zagaya tukunyar a tafiya ɗaya ba tsayawa.

Tun ran gini ran zane. Tun jikin yana da danshi za a murza totuwar masara ko tufkakken zare a kafaɗar tukunya. Washegari, idan ta yi tauri kamar sabulu, a kankare wuraren da suka yi kauri da sakaina, a shafa ruwan jar ƙasa, a goge da dutse mai santsi ko ƙwallayen kuka da aka jera a zare. Gugar ba ado kaɗai ba ce, tana rage tsatsar ruwa.

Shanya

A inuwa ake farawa, cikin ɗaki ko rumfa, kwana 5 zuwa 7. Baki ya fi gindi saurin bushewa, don haka a kife ta da zarar bakin ya iya ɗaukarta. Lokacin hunturu a lulluɓe ta da buhu a kwana biyun farko, iskar na tsaga gini cikin dare ɗaya. Bayan nan a kai ta rana kwana 2. A kara ta a kunci: idan akwai sanyi, da sauran ruwa a ciki. Da damina a ninka kwanakin, ko a jira rani.

Toyi

Matoya, wato wurin da za a toya tukwanen, ta yi nesa da danni da rumbu. A zaɓi yamma ko asuba, lokacin da iska ta kwanta. Kafin babbar wuta a ɗumama tukwanen: a kife kowace a kan duwatsu 3, a sa ɗan garwashi a ƙarƙashi kamar awa ɗaya, har ta yi zafin da ba a iya riƙewa. Wanda ya tsallake wannan zai ji ƙara kamar bindiga a cikin wuta. Ragowar ruwa ne ya zama tururi, ya rasa hanya, ya fasa.

A shimfiɗa busasshen itace sirara da kashin shanu, a kife tukwanen a kai, manya a ƙasa. A jingina manyan tsingaro a kewaye don tare iska, a lulluɓe da karan dawa da ciyawa har ba a hango komai. A kunna ta kowane gefe. Duk inda tukunya ta leƙo a rufe ta da ciyawa nan take, domin iska mai sanyi a kan jiki mai zafi tsagewa ce. Awa ɗaya zuwa biyu ta isa, idan an hango tukwanen sun yi ja kamar garwashi. Irin wannan wuta kan kai zafin digiri 600 zuwa 800. Idan ba ta kai ba, tukunyar na nan laka, ruwa zai narkar da ita.

Mai son tukunya mai duhu da sheƙi sai ya zaro ta da doguwar sanda tana da zafi, ya yayyafa mata ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. In ba haka ba, a bar su cikin toka su huce da kansu har gari ya waye. Baƙin tabo a jiki ba aibi ba ne, hayaƙi ne ya taɓa wurin.

A ƙwanƙwasa da yatsa. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai zaƙi. Wadda ta yi ɓaf-ɓaf ta tsage ko ba ta toyu ba. Kada a yar da ita, ita ce tsingaron kwaɓi na gaba.

Kafin a yi miyar farko, a dama kunun gero mai ruwa-ruwa a ciki a kan wuta kaɗan, a bar shi ya kwana, a zubar, a wanke. Gasarar tana toshe ƙofofin jikin tukunyar. Tulu da randa ba a yi musu haka, domin wannan tsatsar da ke jiƙa bayansu ita ke sanyaya ruwan sha.