Yadda za ka gane tsalle a anime na zamiya kan ƙanƙara

A fadodin Maradi, masu kallon irin wannan anime (fim ɗin zane na Japan) sukan yi gardama kan maki. Kafin ka sa baki, rage gudun bidiyon a wayarka, ka dubi ƙafar ɗan wasan lokacin tashi.

Tsallen iri 6 ne. Aksel kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba, a sauka da baya kamar sauran, shi ya sa Aksel mai juyi uku yake zama juyi uku da rabi. Lutz da filif su ke rikita mutane: duka biyun da tsinin takalmi ake dokan ƙanƙara, amma Lutz daga gefen waje na ƙarfen takalmin yake tashi, filif daga gefen ciki.

Faɗuwar farko tana cin maki 1. Idan labarin kafin 2018 ne, ƙari ko ragin da alƙalai ke yi kan kyawun tsalle daga -3 zuwa +3 yake, bai kai -5 zuwa +5 da aka soma a 2018 ba.