Tayar da Tsohon Talabijin Mai Bawul Ba Tare da An Ƙona Shi Ba

Gidan talabijin na Saudiyya ya fara aiki a Riyad da Jidda a 1965, kuma har yau akan ci karo da akwatunan wancan zamani, masu jikin katako da hoto baƙi da fari, a ɗakin ajiyar tsofaffin gidajen Makka ko a kasuwar Haraj ta Jidda. Da bawul suke aiki, wato ƙananan kwalaben gilashi marasa iska da ke sarrafa wuta a cikin akwatin. Galibinsu suna gyaruwa. Abin da ke kashe su gaggawar mai saye ce, ya isa gida ya soka a soket don ya ga ko yana yi. Kada ka soka.

Fara da bayan akwatin. An daɗe a ƙasar nan gidaje na da wuta iri biyu, volt 127 da 220, shi ya sa akwatuna da yawa ke da ɗan maɓallin zaɓen ƙarfin wuta. In yana kan 110 ko 127 ka ba shi 220, aiki ya ƙare tun ba a fara ba.

Kafin hannunka ya shiga ciki, san cewa yawancin ƙirar Turai ba su da taransifomar wuta. Waya ɗaya ta layin lantarki haɗe take kai tsaye da ƙarfen shasi, wato ƙarfen da aka ɗora kayan ciki a kansa, taɓa shi daidai yake da taɓa soket. Don haka sai da taransifoma mai raba ka da layin, wadda ke karɓar 220 ta ba da 220, mai ɗaukar wat 300 aƙalla. Kwalbar hoto kuma, wato babbar kwalbar da hoto ke fitowa a fuskarta, tana aiki da volt 16,000 zuwa 18,000, tana riƙe caji ko bayan an kashe. Ɗaura waya daga shasi zuwa sukundireba mai mariƙin roba, da resista 1 MΩ a tsakani, ka zura bakinta ƙarƙashin robar da ke manne a gefen kwalbar har ta taɓa ƙarfen, ka riƙe daƙiƙa goma. Hannu ɗaya a aljihu. Kada ka ɗaga kwalbar ta wuya, nan ne gilashin ya fi rauni.

Kwalbar hoto za ka fara gwadawa, domin in ta mutu duk kuɗin da ka kashe asara ne. Sa mita a ƙafafun hitarta, wato zaren da ke ɗumama ta: ohm kaɗan ya kamata ka gani. In mita ba ta motsa ba, zaren ya tsinke. Ƙananan bawul kuwa dubi tabon da ke cikin gilashinsu. Mai sheƙi kamar azurfa lafiya lau, wanda ya koma fari iska ta shige shi, sai shara.

Masu koyo kan zargi bawul, alhali mai laifin kusan kullum kondensa ce. Na takarda masu rufin kakin zuma sun sha danshi, musamman waɗanda suka zauna a Jidda, suna yoyon wuta. Ɗaya tak da ke yoyo a ƙofar bawul ɗin fitarwa ta isa ta sa farantinsa ya yi ja jawur, ya tafi da taransifomar da ba za ka sami irinta a kasuwa ba. Canja su duka da na fim masu jure volt 630, amma wadda ke kusa da bawul mai lamba PY88 tana buƙatar volt 1,000. Wadda ke kan layin shigowar wuta a sa mata mai alamar X2. Manyan na gwangwani, irin 100+100 µF a volt 350, a maye su da masu ƙima ɗaya, a kula da ƙafar + da ta −. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka narka dalma, kuma ɗaya bayan ɗaya ake cirewa. Resista da ta kauce wa ƙimarta da fiye da kashi 20 cikin 100 ita ma ta tafi.

Goge ƙura da buroshi mai laushi, ka wanke kewayen robar kwalbar hoto da sifirit. Datti da danshi a wurin su ke kawo tartsatsi da ƙarar tsss.

Kunnawar farko ta cikin ƙwan lantarki mai zare ake yinta, na wat 150, a jere da akwatin. Ƙwan LED ba ya wannan aiki. In ya yi haske sannan ya dusashe, da kyau. In ya tsaya da haske tar, akwai gajeren haɗi, kashe nan take. Bawul masu harafin P a jere hitocinsu suke, suna cin 300 mA, saboda haka zaren guda ya tsinke duka za su yi duhu. Bayan an cire ƙwan, auna hitar kwalbar hoto, volt 6.3 ake so. Wutarmu 60 Hz ce, ta Turai 50, kuma akwatin da ke rage wutar hita da kondensa yakan wuce ƙima a nan.

Daga nan fuskar akwatin ce za ta faɗa maka ciwonta. Layi ɗaya fari a kwance yana nufin sashen bawul PCL85 ya tsaya. Rage haske maza, in ba haka ba layin zai bar tabo har abada. Ga sauti babu haske, saurari siririn fito na 15,625 Hz: in babu shi, koma kan bawul PL504 da PY88. Hoto na kumbura yana dusashewa in ka ƙara haske, bawul DY87 ya gaji. Hoton da ya tsuke ta gefe biyu, ko PL504 ya raunana ko babbar wuta ta yi ƙasa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa rektifayar seleniyom ce ke mutuwa. Sa diyod mai lamba 1N4007 a madadinta, da resista mai wat 10 a jere, ka daidaita ƙimarta har wutar ta sauko inda zanen akwatin ya nuna.

Abin da ya rage shi ne sigina. Haɗa risiba da ƙaramin modileta, na'urar da ke mai da hoton risiba siginar da tsohon akwati ke kamawa, mai fitar da VHF a tsarin B/G, tasha ta 3 ko ta 4. In hoto ya fito sauti na shuuu, duba saitin modiletan, tazarar sautin 5.5 MHz ce.