Babi na Huɗu: Yadda Cuta Ke Bin Ruwa Ta Shigo Gida

Idan damina ta kankama a Zariya, wajen watan Yuli da Agusta, kwatoci kan cika su batse, ruwa ya kwashi ƙazantar lungu ya yi gangare da ita. Wani ruwan ya faɗa kogin Kubanni ko na Galma, wani kuwa ya tsaya cikin unguwa yana tsuma ƙasa har ya tarar da rijiyoyi. A irin wannan lokaci ne aka fi jin ɓarkewar amai da gudawa, wato kwalara, a gidajen da ke shan ruwa ɗaya.

Likita yana duba mai jinya ɗaya ne da ke gabansa, amma mai kula da lafiyar jama'a unguwa sukutum yake dubawa, yana tambayar inda cutar ta fito da hanyar da ta bi. Dattawanmu na cikin Birni da Tudun Wada suna tune da dubagari, wanda kan shiga gida ya leƙa randa da masai. Aikinsa ke nan. A Landan ma, a shekarar 1854, wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa yawancinsu daga famfo guda suke ɗebo ruwa, sai hukuma ta cire hannun famfon.

Ƙwayar kwalara tana fita ne cikin bayan gidan wanda ya kamu, ido ba ya ganinta, kuma ba ta kama wani sai ta shiga bakinsa. Hanyoyinta sanannu ne: ruwa, da hannu, da ƙuda, da abincin da aka bari a buɗe. Saboda haka a haƙa masai nesa da rijiya, aƙalla mita 30, kuma a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi. Kashin jariri ma cuta gare shi kamar na babba, ko da yake iyaye mata da yawa ba su ɗauke shi ƙazanta ba, don haka a zuba shi a masai, kada a watsa a kwata.

Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne randa. Sau da yawa ruwa kan iso gida da tsabtarsa, daga famfo ko daga jarkar ɗan garuwa, sai ya lalace a tsakar gida. Yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗa daga ƙasa, ya zura ta cikin randa har hannunsa ya nutse zuwa wuyan hannu, ya sha, ya mayar da ragowar. Duk wanda ya sha bayansa ya sha abin da ke hannun nan. Gyaran ba ya cin kuɗi: a rufe randa, a keɓe moɗa mai dogon mariƙi ta ɗiba kawai, a rataye ta, a riƙa tsiyayawa a kofin sha. Ruwan da ake shakkarsa a tafasa shi sosai. A wanke hannu da sabulu bayan an fito masai, da bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a taɓa abinci. In babu sabulu, toka ta fi ruwa zalla.

In kuwa gudawar ta riga ta kama mutum, ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Na ƙunshi da ake samu a asibiti da kemis ya fi, amma in babu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko da yana amai, mai shayarwa kuma kada ta daina ba jariri nono. Idan ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko gudawar ta zama kamar ruwan wankin shinkafa, a garzaya da shi asibiti mafi kusa ana ba shi ruwan a hanya, sannan a sanar da mai unguwa domin a bincika rijiyar da gidan ke sha.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya auna tazarar da ke tsakanin masai da rijiyar gidansu da taku, ya rubuta adadin a littafinsa ya kawo aji.